'Yata tana rera waƙa da ka, amma ta kasa rubuta ko layi ɗaya. Wane wasa zai taimaka?

Uwar Gida Rikkos:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga malamai da iyayen da suka riga mu ganin rana.

Ina da yarinya 'yar shekara tara, tana aji huɗu na firamare a nan Jos. Bakinta ba ya hutawa. In tana wanke-wanke waƙa, in tana goyon ƙaninta waƙa, kuma ba wadda ta ji a rediyo ko a waya ba, ita take ƙago abinta nan take. Kwanan baya na ji tana yi wa akuyar maƙwabta waƙa don ta cinye mana alayyafo, har da amshi, ƙannenta suna karɓa mata. To sai aka ce musu a makaranta kowa ya rubuto waƙar Hausa baiti uku, za a karanta ranar bikin ƙarshen zango. Na ba ta takarda da biro, ta zauna tun bayan la'asar har aka kira magariba, ba abin da ta rubuta sai sunanta da kwanan wata. Ƙarshe kuka ta sa, wai ita ba ta iya waƙa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni ɗinki nake yi, ban san ƙa'idojin waƙa ba, kuma ba na son in nemi wani ya rubuta mata ta kai da sunan nata. Ba ita kaɗai ba ce ma. Ranar Asabar yaran layinmu sukan cika mini tsakar gida, daga masu shekara biyar har masu goma sha biyu, ina so in samu abin da zan riƙa yi da su mai amfani. Wane irin wasa ne zai kai yaro daga rerawa zuwa rubutawa? Don Allah wanda ba ya buƙatar wuta ko sayen kaya masu tsada.

Ɗan Bukur:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Abu mafi sauƙi: in kin ji ta fara, ki danna ɗaukar murya a wayarki ba tare da kin tsayar da ita ba. Da dare ki kunna mata, ku riƙa tsayarwa layi-layi tana rubuta abin da ta ji bakinta ya faɗa. Haka na yi wa ƙanena. Da ya ga shafi ya cika da maganarsa, shi da kansa ya ce ashe dai waƙa ce.

Tsohon Hedimasta, Gangare:

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya raya mana su, ya sa albarka. Hausa na koyar a firamare har na ajiye aiki, kuma irin 'yarki sun bi ta hannuna da yawa, don haka ki kwantar da hankalinki. Yarinyar nan ta iya waƙa, takardar ce aka kawo mata da wuri. Waƙa a kunne take fara zama, sannan ta sauko baki da tafin hannu, rubutu shi ne na ƙarshe. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, a ka yake tsara baitocinsa ya rera wasu su rubuta, ga shi har yau ana nazarinsa a jami'o'i. Shawarar ɗana na Bukur tana kan hanya. Bari in ƙara miki da abin da nake yi da yara tun kafin wayoyin nan su zo.

Ki fara da tafi. Gaɓar kalmar Hausa iri uku ce kawai. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar *tu* a tuwo. Akwai baƙi da dogon wasali, kamar *ka* a kaza. Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe, kamar *san* a sanyi. Ta farko marar nauyi ce, biyun ƙarshe masu nauyi. Duk karin rubutacciyar waƙa, wato awon da take tafiya a kansa, a kan jeranta waɗannan yake. Amma kada ki gaya wa yara wannan bayani, naki ne ke kaɗai. Su abin da za ki ce musu shi ne: gaɓar da ta wuce da sauri a ɗan taɓa cinya, wadda ta ja ko ta toshe a yi cikakken tafi. Tuwo, cinya da tafi. Kaza, tafi biyu. Makaranta, cinya, cinya, tafi, tafi. Ki bi kayan miyar da ke gabanki, ki bi sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, za ki ga kowa yana ɗokin a tafa nasa.

Dalilin da ya sa na nace a kan kunne shi ne rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, amma na farko cinya da tafi ne, na biyu tafi biyu. Ido ba zai raba su a takarda ba. Yaron da aka zaunar da biro tun farko an raba shi da abin da zai auna waƙarsa da shi ke nan.

In hannunsu ya faɗa, sai ki ɗauki gawayi ki zana manyan da'ira biyu a tsakar gida. Ɗaya gidan agwagwa, ɗaya gidan kasuwa. Agwagwa cinya ce da tafi biyu. Kasuwa tafi ne, cinya, tafi. Ki tsaya a gefe ki kira kalma, su kuma su yi tsalle su faɗa gidan da ta dace. Tukunya, tabarma, madubi, maciji, tumatir, duk 'yan gidan agwagwa ne. Tsintsiya, albasa, gaskiya, zuciya, 'yan gidan kasuwa. Lokaci-lokaci ki jefa musu wadda ba ta da gida, kamar kabeji ko gawayi, wanda ya yi tsalle ya faɗi. Daga baya ki bar su su riƙa kiran kalmomin da kansu, nan ne za ki ji gardama ta tashi, kuma gardamar nan ita ce karatun.

Yanzu a gina ɗango, wato layi ɗaya na waƙa. A rera "agwagwa, agwagwa, agwagwa, tuwo" ana tafi har ya zauna a jiki, sannan a nemi maganar da za ta hau kansa daidai. Ga misali:

*Agwagwa tana son ruwan tafkuna.*

Ki tafa ki ji, ba inda ya yi ɗingishi. Na kasuwa kuwa sau huɗu ake jera shi:

*Mai karas na kira, mai tuwo ya iso,*
*Ga kuɗi, ba ni dai wanda raina ya so.*

Masana suna kiran na farko mutaƙarab, na biyu mutadarak. Sunayen daga ilimin aruli suke, wato ilimin awon waƙa, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Kari 15 ya fitar, wani masani bayansa mai suna Ahfash ya ƙara na 16, kuma malamanmu na ƙasar Hausa sun ɗauki da yawa daga ciki sun zuba waƙoƙinsu. Ana ba da labarin cewa sarar gudumar maƙera ya saurara a kasuwa har abin ya faɗo masa. Nakan ba yara wannan labari don su san babban malami ma da kunne ya fara.

Saura amsa-amo, wato gaɓar da ɗangogi suke ƙarewa da ita. A dunƙule tsumma a yi ƙwallo (ke da kike ɗinki ba za ki rasa ƙyalle ba), a yi da'ira. Ki ce yau *na* muke nema, ki jefa wa yaro, ya faɗi kalma mai ƙarewa da *na* ya jefa wa wani. Wanda ya maimaita ko ya yi shiru sai ya zagaya da'irar da langa ya dawo. Ban yarda da duka ko dariyar ƙeta ba ko kaɗan, yaron da aka kunyata a kan waƙa ba ya sake buɗe baki. Nakan fara da *na* saboda jam'in Hausa ya cika mana rumbu da ita: riguna, huluna, kekuna, ɗakuna, raguna, kwanduna, sanduna. Kuma in kin lura dukansu 'yan gidan kasuwa ne, suna zama daram a ƙarshen ɗangon agwagwa. Sai a zaɓi huɗu a rubuta a ƙasa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, a bar fili a gabansu, a ce to a cike. Wata shekara cikin sanyin Disamba 'yan aji biyar suka haɗa mini wannan:

*Idan hunturu ya shigo ɗakuna,*
*Mukan tashi neman tulin riguna,*
*Ƙanena yana son ya sa huluna,*
*Hazo ne yakan sa mu bar kekuna.*

Ɗangon ƙarshe ba haka ya fara zuwa ba. Wani yaro cewa ya yi "Hazo ya hana mu hawan kekuna". Magana ce mai kyau, har masana aruli sun yarda da irin wannan ɗan sassauci. Amma da aka tafa, wata yarinya ta ce Malam a wajen *mu* hannuna yana son tafi, bakina kuma ya wuce. Suka yi ta juya shi har suka samo wanda kika gani. Ni ban sa musu baki ba, kuma wannan juyawar ta fi mini baitin kansa daraja.

Game da aikin makarantarta, baiti uku aka ce, ba a faɗi tsawonsa ba. Baiti yana iya zama ƙwar biyu, wato ɗango biyu, ko ƙwar uku, ko huɗu, ko biyar. Ta ɗauki ƙwar biyu, ɗango shida ke nan gaba ɗaya. Ta rera, ke ki zama magatakarda ki rubuta yadda ta faɗa ba gyara, sannan ta kwafe da hannunta. Wani satin ki rubuta ɗango ki bar mata kalmar ƙarshe. Sati na gaba ki rubuta na farko ta rubuta na biyu. A haka za ki zare hannunki ba ta ankara ba.

Uwar Gida Rikkos:

Allah ya saka da alheri Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jiya da dare na gwada tafin da kayan miya, har yayansu da yake ganin ya girma ya shigo. Tambaya biyu ta rage mini. Rubutunta na Hausa cike yake da kurakurai, ba ta sa ƙugiya a ƙ da ɗ, wani lokaci ma ta ce *ya* a wurin *ta*, irin Hausarmu ta Jos. In gyara ko in ƙyale? Na biyu, Babansu bai hana ba, amma ya ce yana tsoron kada yarinya ta tashi da roƙo a baki. Me zan ce masa?

Malamar Islamiyya, Unguwar Rogo:

Maman yara, bari in ɗauki ta biyun, ta farko na bar wa Baba.

Tsoron maigidanki ba abin raina wa ba ne, uba ne. Amma ki tuna masa roƙo daban, waƙa daban. Maroƙi yabon mutum yake don a ba shi. Waƙa kuwa da ita aka ɗauko ilimi aka shigar da shi gidajenmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da su malamai matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, suke bin ƙauyuka suna karantar da mata, abin da aka sani da 'yan taru. Matar da ba ta iya karatu ba takan haddace waƙa ta koma gida da hukuncin alwala da salla a ka. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai Hassanu ɗan Sabitu da yake kare Musulunci da baitoci. Mu ma a aji, duk abin da muka sa wa kari yara sun fi saurin riƙe shi. In ya samu sarari ranar Asabar, ki roƙe shi ya zauna ya ji abin da ake yi, har ya ba su jigon ranar da kansa. Uban da ya zaɓi abin da za a yi waƙa a kai hankalinsa yakan kwanta.

Wasan da ni na fi amfani da shi daga gaɗa na ɗauko shi. Mu da muka taso ana fita dandali da farin wata mun san tsarin: ɗaya tana bayarwa, saura suna amshi da tafi. Yanzu dandalin ya yi ƙaranci a cikin gari, amma tsarin bai mutu ba. Ni nake kawo amshi gajere, misali "Sannu da aiki Inna", kowa ya riƙe. Sai a bi layi, kowace yarinya ta kawo ɗango ɗaya a kan aikin da uwarta take yi, a amsa mata. Wata ta ce ta tashi tun asuba ta hura wuta, wata ta ce ta kai dankali Farin Gada, wata ta ce ta yi mini kitso ban yi kuka ba. Amfanin amshi shi ne mai kunya tana samun wurin ɓuya. Sati biyu tana cikin masu karɓa, rana ɗaya sai ki ji ta jefo nata. Kuma amshin yana ba mai bayarwa ɗan lokacin da za ta yi tunanin abin da za ta faɗa. In an gama zagaye, babbar cikinsu ta rubuta duka a allo, a karanta tare. Da azumi kuma, in an kai goma ga wata yara sun fara tashe, nakan ce su ɗauki muryar wasan da suka sani su zuba mata sababbin kalmomi nasu.

Abu ɗaya nake ja miki kunne a kai. Yara suna son zambo, kuma da sun gane amsa-amo abin da za su fara yi ke nan. Kada ki hana gaba ɗaya, don a nan basirarsu take fitowa, amma ki kafa doka tun ranar farko: zambo na sauro ne, da sanyi, da ɓera, da ramin da ke kan hanya. Ba a yi wa mutum, ba a taɓa ƙabila ko addinin kowa, ba a taɓa halittar jikin wani. Mu mutanen Jos mun san abin da baki yake jawowa, ba sai an ba mu labari ba.

Mai Alƙalami, Kubwa:

Gaisuwa ga iyayena da ke wannan zaure. Ni haifaffen Nasarawa Gwom ne, aiki ya kawo ni Abuja, kuma ina cikin matasan da suke karanta waƙa a taruka. Baba Hedimasta, Allah ya gafarta Malam, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, amma ina da ɗan ja a wuri ɗaya, a yi mini afuwa.

Ina tsoron in aka fara da kari da amsa-amo, yaro zai ɗauka waƙa ita ce cike gurbi. Na sha ganin yara suna kawo ɗango huɗu duk sun ƙare da gaɓa ɗaya, tafi ya zauna, amma ba abin da aka faɗa. An sa raguna ne kawai don an riga an sa riguna. A ganina abin da ya kamata a fara koya wa yaro shi ne kallo, ya ga abu da idonsa ya faɗe shi yadda wani bai faɗa ba. Kuma muna da wasan da yake koyar da wannan tun kaka da kakanni, kacici-kacici. Wanda ya fara cewa "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" yana nufin tsintsiya, ko "Baba na ɗaka, gemu na waje" yana nufin wuta da hayaƙi, ai mawaƙi ne, ko da bai tafa ba.

Ga yadda nake yi da 'ya'yan yayata in na zo gida. Nakan sami jaka in zuba ƙananan abubuwa, dankalin Turawa, makulli, soso, gawayi, murfin kwalba, busasshen barkono. Yaro ya zura hannu ba ya leƙawa, ya kama ɗaya, ya siffanta mana shi ba tare da ya ambaci sunansa ba. Ya ce ƙulunƙulufita, mu ce gauta, ya kawo nasa. Na farko-farko sukan zo a sarari, "abu mai buɗe ƙofa". Sai in ce to in mutum ne shi, wane irin mutum ne? Nan take wani ya ce ɗan ƙaramin mai gadi da yake kwana a aljihu. Ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara, irin wanda Jos ta saba gani farkon damina, wata 'yar shekara takwas ta ce: baƙo daga sama da fararen kaya, kafin a kawo masa ruwa ya zama ruwa. Ba kari, ba amsa-amo, amma ni har yau ban rubuta abin da ya kai wannan daɗi ba a kan damina.

Hajiya, ki kuma fita da su. Ba sai an kashe kuɗi ba, ko rakiyar cefane ce. Kowa ya dawo da abu uku a ka: ɗaya da ya gani, ɗaya da ya ji da kunne, ɗaya da ya shaƙa. In hali ya yi, a kai su gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, ga gidan namun daji a gefensa, kowane yaro ya zaɓi dabba ɗaya ya yi magana da bakinta. Ko duwatsun nan namu da suke ɗore a kan juna, a tambayi yaro me na ƙasa yake ce wa na sama. Sannan a sa musu ranar da za su karanta a gaban manya. Ga 21 ga Maris, ranar waƙa ta duniya da UNESCO ta ware tun 1999, ga kuma Ranar Hausa 26 ga Agusta, lokacin ana hutu. Yaro in ya san kakarsa za ta zauna ta saurare shi, da kansa zai nemi biro.

Tsohon Hedimasta, Gangare:

Ɗana na Kubwa, ba afuwar da za a nema, gaskiya ka faɗa, kuma wasan jakar nan zan gwada shi da jikokina. Cike gurbi cuta ce da na sani. Maganinta a wurina tambaya ɗaya ce da nake yi wa kowane ɗango: ka taɓa ganin haka? In yaro ya ce "na je kasuwa na sayo raguna", sai in ce da gaske? Ya yi dariya ya ce a'a. To me ka taɓa sayowa? Daga nan gaskiya take shigowa, ita kuma gaskiyar yaro kullum ta fi abin da ya ara daɗi. Ɗangon huluna ɗin can ya zauna ne don akwai ƙanen da yake yin haka, duk ajin sun san shi.

Inda ban bi ka ba shi ne a ajiye kari sai an girma. Yarinyar da ake magana a kanta da kari ta zo, shi ne abin da take da shi a hannu. Ta ji lugude a turmi, ta ji tafin gaɗa, ta ji yadda ake rera karatu a Islamiyya. In aka ce ta ajiye wannan ta rubuta zube, an karɓe mata abin da ta fi ƙarfi a kai. Akwai yaron da ido ne ƙofarsa, akwai wanda kunne ne. Uwa ta fi kowa sanin nata. A yi wasan jaka wannan Asabar, a yi na tafi ta gaba, wata rana a ɗauki kacici-kacicin da aka ƙaga a gwada ɗora shi a kan agwagwa. In ya hau, madalla. In ya ƙi, a bar shi yadda yake, kada a karya masa ƙafa don ya shiga.

'Yata, batun kurakurai. Ranar da ake yin waƙa kada jan biro ya fito. Ki ware wata rana dabam don ƙugiya, ita ma da wasa. Ki faɗi kalmomi biyu masu kama, su nuna da jiki: kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bata da ɓata, bari da ɓari. In kin ce ƙafa su ɗaga ƙafa, in kin ce kafa su yi kamar suna kafa turke. Yaran garin nan da yawa ba sa furta ƙ sosai, shi ya sa ba sa rubuta ta, don haka a gyara baki tukuna, hannu zai biyo. Ki sa su ƙaga karya-harshe nasu da kalmomin, a ga wanda zai faɗa sau uku da sauri bai sarƙe ba. *Ya* da *ta* kuwa, in za ta kwafe waƙar a takarda mai kyau ta kai makaranta, sai ki karanta mata da ƙarfi ki tambaye ta, akuyar nan mace ce ko namiji? Ita za ta gyara abinta.

Mama Tudun Wada:

Sannunku da wannan hira mai daɗi. Ni yara nake koyarwa a coci ranar Lahadi, kuma ajina ya haɗa Birom da Ngas da Afizere da wasu, Hausa ce take haɗa mu, da ita muke yawancin waƙoƙinmu. Abin da Malama ta faɗa a kan amshi haka yake a wurinmu ma. Abin da zan ƙara, 'yar uwa, in akwai yaran da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba a cikin masu zuwa miki, ki bar su su kawo amshi da yarensu, a yi ɗangogin da Hausa. Yaron yakan ji an san da shi, sauran kuma su koyi kalma biyu uku. Zaurance ma yana taimakawa wajen raba gaɓa, don ba ya yiwuwa sai yaro ya san inda kowace gaɓa ta tsaya kafin ya cusa mata wata. Ki tambaye su irin wanda suke yi a layinku, za su koya miki.

Ki sayi littafin rubutu guda ɗaya ya zama na tsakar gidan, duk waƙar da aka gama a shigar da ita da kwanan wata da sunayen waɗanda suka sa baki, har wanda kalma ɗaya ya bayar. Ƙananan kuma, masu shekara biyar da shida, kada a matsa musu da ɗango. Ki zuba tsakuwa a gwangwanin madara ki toshe bakin, ki ba su su riƙe kiɗa, aikinsu ke nan kuma da gaske suke ɗaukarsa. Rabin awa ya isa, ki tashe su tun suna so. Da sanyin nan ki fara da an yi la'asar, don ƙarfe biyar da rabi hannuwa sun fara ƙanƙarewa, tafi ba ya fita.